Darmar Rufin Makarantar Kan Tudu

A wani dare na ƙarshen watan Oktoba makarantar Kan Tudu ta fara kuka. Ba ƙarar ƙofa ba ce, ba kuma mujiya ba. Gunji ne mai kauri, irin na saniyar da aka raba da maraƙinta, yana tashi idan iskar yamma ta gangaro daga kan duwatsu, yana lafawa idan ta lafa. Iya Clegg, tsohuwar da gidanta ke manne da katangar makarantar, sau huɗu tana kiran caji ofis a kan wannan kuka. Sau huɗun ana ce mata ta rufe tagarta ta kwanta.

Haka aka tafi har wata Litinin cikin Janairu. Ƙarfe tara saura kwata, yara na layi a tsakar gida suna jiran a buɗe musu, sai silin ajin ƙanana ya rufto gaba ɗaya. Yaɓe da katako da baƙin ruwa suka sauko a kan kujeru talatin da biyu. Babu kowa a kansu. Da ya ƙara minti goma, da wani labarin ake yi.

Sufeto Brenda Ormerod ta fito daga mota, ta ɗaga kai ta dubi ginin, ta ja tsaki. A nan ta yi firamare, kuma har yau ba ta yafe masa ba. Jan bulo ne da hayaƙin masaƙu ya mai da baƙi tun kafin masaƙun su mutu. Ƙofofinsa biyu, an sassaƙa kalmar maza a dutsen saman ɗaya, kalmar mata a na ɗayar, ga katanga a tsakani don kada idon wani ya faɗa kan wata. A tsakiyar rufin wata siririyar hasumiya ta miƙe kamar yatsan mai gargaɗi. Tun zamanin Sarauniya Biktoriya yake tsaye a nan, kuma shekara tara da suka wuce gwamnati ta saka shi a rajistar gine-ginen tarihi. Daga ranar ko ƙusa ba a buga masa sai da takardar izini.

"Gaskiya yana da kyau, ranki ya daɗe," in ji Saje Tattersall, wani dogon mutum da ke biye da ita.

"Ba ka taɓa zama a cikinsa cikin Janairu da yatsu a sandare ba. Wuce mu je."

Hedimasta Mista Pilling ya tarbe su a zaure. Gajere ne, tsaf-tsaf, da biro uku a aljihun kwat, kowane da launinsa. A gefensa akwai jami'in hukumar ilimi, riƙe da lema a buɗe alhali yana cikin ɗaki.

"'Yan kwana-kwana sun hau sama," in ji Pilling. "An kwashe shimfiɗar darmar da ke tare ruwa a kwarin rufi, inda rufi biyu suka haɗu. Duk ruwan da aka yi kan babbar azara yake zuba, har ta jiƙe ta saki."

"Wa ke da makullin sama?"

"Duckworth, mai kula da makaranta." Ya gyara tabarau. "Ni dai ba na son in ɗora wa mutum laifi."

"Amma za ka daure."

Ya daure ɗin. Ya ce a makon farko na Disamba, bayan an tashi yara, yana aji shida yana duba littattafansu, sai ya leƙa ta taga ya ga Duckworth yana tura baro daga ɗakin gawayi. An lulluɓe kayan da buhu, kuma da ƙyar yake turawa.

"Kin kuma san tarihinsa," ya ƙara da ƙaramar murya. "Wata shida a kurkuku. Darmar coci."

"Yana ɗan shekara sha tara," in ji ta. "Lokacin ni ba a ma yaye ni ba."

Jami'in ya leƙo daga ƙarƙashin lemarsa. "In ta tabbata, zuwa Juma'a ya tattara nasa ya nasa. Gidan da yake ciki na aiki ne, ba gadon ubansa ba."

Sufeto ta dube shi daga takalmi zuwa lema.

Gidan mai kula ɗan ƙaramin bene ne a kusurwar tsakar gida. Magina sun yi masa irin tsinin rufin makarantar da irin bulonta, har ya zama kamar ɗan da ta haifa ta ajiye a gefe. Shekara talatin da huɗu Wilf Duckworth yana cikinsa. A nan matarsa ta rasu. Ya ɗora butar shayi a wuta kafin a tambaye shi komai.

"Baba Wilf, yaushe rabonka da hawa rufi?"

"Nuwamba. Sau biyu a shekara, yadda takardar aikina ta ce. Na kwashe ganye, na duba darma, tana nan lafiya lau."

"Wato kai ne na ƙarshen da ya taɓa ta," in ji Tattersall yana rubutu.

Tsohon ya ajiye cokali. "Ni ban ce haka ba, ɗan nan."

"Baron da aka gan ka da shi a Disamba fa?"

"Wane baro? Tayarsa ta fashe tun bazara. Na cike takarda sau uku, ba su ba ni wata ba."

Sufeto ba ta sauraron su sosai. Idonta na yawo. Akwai gado a bayan doguwar kujera, an rufe shi da bargo don ya yi kama da wurin zama. Reza da sabulun aski suna kusa da famfon kicin. Matakalar da ta hau bene kuwa, tukwanen furanni ne jere a kanta, kowane tsani da nasa, tun daga ƙasa har sama, babu inda ko kyanwa za ta sa ƙafa. Gizo-gizo ya haɗa na biyar da na shida da zare.

"Furanninka sun yi kyau," in ji ta.

"Sanyi nake ɓoye musu," ya ce, bai dube ta ba.

Da suka fito Tattersall ya ce, "Mu tafi da shi ne?"

"Mutumin da ya mai da matakalar gidansa lambu, shi zai hau tsani mai hawa arba'in ya sauko da darma a ka? Kai ma dai, Saje."

"To me ya sa ya yi mana ƙarya?"

"Ƙaryar ce ke riƙe masa gidan. In ya ce ya hau, ɓarawo ne, a kore shi. In ya ce ba ya iya hawa, ya gaza aiki, a kore shi. Ya zaɓi wadda ba ta taɓa masa girma ba."

Hanyar hawa rufi ta matakalar mata take. Suka bi doguwar baranda ta sama, inda Sufeto ta lura da wani rami murabba'i a bango, da ramukan kusoshi huɗu farare sol a kusurwoyinsa. Daga nan suka kama tsanin ƙarfe, suka tura murfi, suka fito cikin iska.

Kwarin rufin tsirara yake, katakonsa ya yi baƙi ya kumbura. Ta tsuguna ta duba gefen da darmar ta rage. An yanke ta a miƙe, kamar da rula.

"Ka taɓa ganin ɓarawon darma mai tsabta haka?"

"Su dai fizga suke yi, su ɓarke fale-falen dutsen rufin."

"Leƙa ƙasa, ka dubi rumfar ƙofar maza."

Ya leƙa. Darma ce shimfiɗe a kanta, faffaɗa, wadda mutum zai taka garwar shara ya naɗe cikin minti biyar. Ba wanda ya taɓa ta.

"Ɓarawo ya bar ta bakin hanya ya hawo nan," in ji ta. "Wannan ba darma yake so ba."

A daidai nan iska ta juyo daga yamma. Ginin ya yi gunji a ƙarƙashin ƙafafunsu, doguwar murya mai rawa da ta fito ta hasumiya ta bi kan gari. Tattersall ya rungume bututun hayaƙi da hannu biyu.

"Sake shi, Saje, yana da rajista. Sai ka nemi izini."

Wanda ya sa aka yi wa ginin rajistar shi ne Dakta Loxham, tsohon likitan haƙori, shugaban ƙungiyar masoya tsofaffin gine-gine, mai mambobi biyar har da matarsa. Ya karɓe su a falo da jajayen idanu, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Sun kashe ta," ya ce. "Jahilai. Garin nan bai cancanci samun ta ba."

"Ka taɓa hawa samanta, Dakta?"

"Ni? Da wannan shekarun? Daga titi nake kallon ta."

"Wancan fa?" Ta nuna bangon da ke saman murhu. Wata ragar ƙarfe ce rataye, murabba'i, an yi mata zanen furanni.

"A gwanjo na saya."

"Koren fentin nan mai kama da miyar da ta kwana, shekara shida ina kallon sa kullum. Ramin da ka ciro ta yana barandar sama, har yanzu ramukan kusoshin ba su yi ƙura ba."

Dakta ya zauna a hankali. Ya ce ba sata ba ce, ajiya ce. Ya ce a Satumba ya hau, da izinin hedimasta, don ya rubuta rahoto a kan lafiyar ginin, sai ya ga ragar tana tsatsa ba mai kula ta.

"Allah ya saka maka. Ramin mene ne?"

Nan fuskarsa ta washe, ya manta da laifinsa. Ya ce waɗanda suka gina makarantar sun yi imani cuta a cikin tsohon numfashi take tafiya. Saboda haka kowane aji suka yi masa raga a saman bango, duk ragogin suka haɗa su da wani babban bututu na bulo da ya hau har hasumiya. Numfashin yara ɗari uku ya taru ya hau ya fita sama.

"Mutane na cewa hasumiyar ƙararrawa ce. Ba a taɓa rataya ƙararrawa a cikinta ba. Hancinta ne, Sufeto! Gini ne mai numfashi."

"Da can tana kuka?"

"Ko kusa. Shekara ɗari da ashirin tana numfashi shiru. Sai dai in wani abu ya maƙale mata."

"Kawo rahoton."

Shafi sittin ne, da hotuna. A shafi na tara akwai zanen rufin, an kewaye kwarin da jan biro, an rubuta a gefe cewa in darmar nan ta tafi, babbar azara ba za ta kai bazara ba, in kuma ta tafi, ba mai iya ceton ginin.

"Wa ka ba wa?"

"Hukumar ilimi, waɗanda na tabbata ba su buɗe ba. Da Mista Pilling."

"Madalla. Ka zana wa makashi taswira, har ka nuna masa inda zai sa wuƙa." Ta miƙe. "Saje, ɗauko mana ajiyar Dakta."

Iya Clegg ta buɗe ƙofa tun kafin su ƙwanƙwasa.

"Au, sai yau? Wata uku ina kira, ana mai da ni mahaukaciya. Ke ba Brenda ba ce, 'yar mai soya kifi na bakin gada? Ubanki ya fi ki saurin sallamar mutane. Shigo, goge ƙafarki. Kai kuma dogo, sunkuya, kada ka fasa mini fitila."

"Iya, ranar da kukan ya fara nake so."

"Laraba, makon hutun Oktoba."

"Kin tabbata?"

"Yo ba ranar na kai wa Wilf gasasshen nama a asibiti ba, 'yan iskan nas ɗin nan suka ce ba zai ci ba? Na dawo da abina na cinye don haushi. Da kukan ya fara, wallahi na ɗauka cikina ne." Sai ta toshe baki da hannu. "Wayyo, na yi ɓarna."

"Wane asibiti? A makaranta an ce wurin ƙanwarsa ya je, bakin teku."

"Ƙanwar da ta mutu shekara bakwai? Tiyatar gwiwa aka yi masa, karo na biyu. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Brenda, ki rufa masa asiri. In aka fitar da shi daga gidan nan, gidan tsofaffi za su kai shi, kuma ba zai yi wata uku ba. Na san shi tun yana sa gajeren wando."

"Da yana asibiti, makullan suna wurin wa?"

"Ni na kai wa Pilling da hannuna, a cikin ambulan ɗin wasiƙa. Ya karɓa da yatsu biyu kamar na miƙa masa mataccen ɓera. Ko na gode babu."

Washegari da safe Sufeto ta sa aka cire allunan gefen hasumiya. Wani kurtun ɗan sanda ya zura ƙugiya da igiya cikin bututun. A ƙasa kaɗan, inda bututun ya yi gwiwa, ƙugiyar ta kama wani abu mai nauyi. Mutum uku suka ja.

Darma ce, an naɗe ta kamar tabarma. Suka ci gaba da ja har guda goma sha ɗaya. Ɗaya daga cikinsu a tsaye ta maƙale, bakinta a buɗe yana kallon sama, ita iska ke hurawa yadda ake hura bakin kwalba. Wanda ya jefa su ya ɗauka tsohon bututun hayaƙi ne da zai haɗiye su har ƙasa ya yi shiru.

Sufeto ta durƙusa a kansu. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Kowace an ɗaure ta a tsakiya da jan zaren ofis, an yi mata ƙulli mai kunnuwa biyu, kunnuwan ma daidai wa daida.

Tattersall ya yi dariya. "Darma ai in ka naɗe ta ba ta warwarewa. Ɗaurin na mene ne?"

"Hannu ne ya saba. Jiya da muka wuce ofishin hedimasta ka ga taswirorin bango a kan kabad?"

"Na gani."

"Ka ga yadda aka ɗaure su?"

Dariyar ta tsaya.

An rufe makaranta, babu yaro ko ɗaya. Ta aika aka kira Pilling zuwa aji shida. Jami'in hukumar ilimi ya biyo shi, yau ba lema, sai ɗan littafi.

"Malam, wannan maganar 'yan sanda ce," in ji ta. "Ka jira a waje."

"Ginin na hukuma ne. Duk abin da za a faɗa a cikinsa da kunnenmu."

Ta so ta sa a fitar da shi, amma ba ta da hujja. Ta juya ga hedimasta.

"Mista Pilling, a wane tebur kake ranar da ka ga baron?"

"Wannan."

"Ta wace taga ka leƙa?"

Ya nuna ta tsakiya.

"Bismillah. Leƙa mu gani."

Ya taka zuwa gindin tagar, ya tsaya. Tagogin aji shida dogaye ne, sun kai tsayin mutum biyu, amma daga can sama suka fara. Dandamalin tagar ya fi kansa tsawo da taƙi guda. Abin da ke gaban hancinsa koren fenti ne kawai.

"Waɗanda suka gina wurin nan ba su yarda yaro ya ga komai ba sai allo da gajimare," in ji ta. "Shekara guda na yi a wancan bencin ina ƙirga gajimaren. Kai shekara ashirin da shida kana ajin nan, ba ka taɓa lura ba?"

"Kan kujera na hau."

"Kana duba littattafai, sai kawai ka hau kujera. To. Saje, hau masa."

Tattersall ya hau, ya ɗora haɓa a kan dandamalin.

"Me ka gani?"

"Tsakar gidan mata, ranki ya daɗe. Sai katanga. Da tattabara ɗaya."

"Ɗakin gawayi fa?"

"Yana bayan katangar, ɓangaren maza."

Ta yi wa kurtu alama. Ya shigo da naɗin darma ɗaya ya dire a kan tebur, ya koma ya kawo taswirar duniya daga ofis ya ajiye a gefenta. Jan zare biyu, ƙulli biyu, kunnuwa huɗu.

Pilling ya daɗe yana kallon su. Sannan ya ciro tabaransa ya ninke, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Kin san bokiti nawa muke da su a makarantar nan?" ya ce. "Sha tara. Bayan gida a waje yake, yara na tsallaka ƙanƙara su je. Na nemi a sauko da tagogi, aka ce tarihi ne. Na nemi a toshe ragogin nan da ke zuƙe ɗumin aji, aka ce tarihi ne. Akwai yarinya a aji uku mai keken guragu. Kullum uwarta ke ɗaukar ta a hannu ta hau da ita matakala bakwai, domin wani likitan haƙori ya rubuta cewa gangara za ta ɓata fuskar ƙofa. Fuskar ƙofa! Shekara tara ina rubuta wasiƙu. An ce mini ba za a gina sabuwa ba muddin wannan na tsaye, kuma doka ta hana a rushe ta. To na taimaka mata ta faɗi da kanta."

"A kan yara talatin da biyu."

"A hutun Kirsimeti ya kamata ya faɗi! Na lissafa ruwan da ake yi, na lissafa kaurin azarar. Da babu kowa a ciki."

"Ka lissafa." Ta taɓe baki. "Kai ne ka koya wa rabin garin nan lissafi. Yanzu na gane abin da ya sa ba wanda ya yi arziki."

Ta matso kusa da bencin.

"Kukan fa? Wata uku tana yi maka a kai."

"Na ɗauka iska ce kawai. Ban taɓa karanta shafin bututun ba. A shafi na tara na tsaya."

"Baba Wilf kuma me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Da rufin ya faɗi a hutu, da an ce tsufa ne, ba mai tambaya. Da ya faɗi a gaban iyaye, dole a samu wani. Shi an riga an san shi da darma." Ya ɗaga kafaɗa. "Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Ni yara ɗari uku nake tunani."

"Da ka ga dama ka ce kai ne, yaran ba za su ragu ba."

"Kuma ai ba shi da wani amfani a nan," Pilling ya ci gaba, muryarsa ta ɗaga kamar yana gaban taron safe. "Me ya sa kike tsammani na samu wata uku ba wanda ya gani? Duckworth bai hau rufin nan ba shekara biyu cur. Ina jin yadda yake jan ƙafa a baranda. Ko benen gidansa ba ya iya hawa, kowa ya..."

"Ya isa," in ji Sufeto.

Amma ta makara. Jami'in ya riga ya buɗe littafinsa. Tana jin ƙarar bironsa a kan takarda, a hankali, harafi bayan harafi.

"Shekara biyu ka ce, Mista Pilling?"

"Malam, wannan maganar mai laifi ce," in ji ta. "Mutumin da ya yi ƙarya tun jiya."

"Za mu duba. Abu ne mai sauƙi. Sai mu roƙi Duckworth ya hau tsanin a gabanmu."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa abin da ta taka a titi. Bai ma ɗago ba.

Tattersall ya karanta wa hedimasta tuhumarsa: ɓarna ga ginin tarihi, jefa rayuka cikin haɗari, da ƙaryar shaida. Pilling ya miƙa hannuwa da kansa, ya roƙi a rufe ankwar da kwat ɗinsa. Aka rufe. Ya tambaya ko zai iya ɗaukar bironsa ja da ya faɗi. Sufeto ta ce a bar shi nan, ya zama tarihi.

Suka fito da shi tsakar gida. Iyaye sun taru a bakin ƙofa cikin yayyafi. Dakta Loxham na can gefe da kyamara, yana ɗaukar hoton hasumiya, bai ko waiwayi mutanen ba. Aka tura kan Pilling cikin mota, aka rufe.

Wilf Duckworth na tsaye a ƙofar gidansa, ya dogara da tsintsiya mai sanda kamar shara zai yi. Ya ga an wuce da hedimasta. Ya ga kuma jami'in ya fito daga makaranta, ya gyara wuyan riga, ya nufo shi kai tsaye da littafi a hannu. Tsohon ya miƙe sosai, ya raba nauyinsa a kan ƙafafu biyu, ya jingine tsintsiyar a bango.

Iya Clegg ta leƙo ta saman katanga, da gyale a ka.

"Brenda! Ke Brenda! Tunda dai ba shi ba ne, ai za su bar masa gidan, ko?"

Sufeto ta tsaya da hannu a kan murfin mota. Tattersall ya sunkuyar da kai yana neman makulli a aljihun da ya san ba ya ciki.

"Ba ku ji ni ba ne? Na ce za su bar masa gidan?"